Sunan Surukina Sau Arba'in

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar rabon irin shinkafa a Tanda ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar manoma a Gaya, kuma sabon koyon makro, wato ɗan umarnin da kake rubuta wa ordinatar (kwamfuta ke nan) ta yi maka aiki kai kana shan shayi. Sai na ɗauki kaina wani injiniya.

Muna da shafi guda mai sunayen manomanmu duka, na Tanda da Karakara da Zabori a cakuɗe. Perzidan, shugaban ƙungiyarmu, ya ce in ware na Tanda da hannu. Ni da hannu? Na rubuta makro: bi layi bayan layi, duk inda ka ga Tanda, kwafe layin ka kai wani shafi. Kafin in ƙifta ido ya cika layi arba'in, daidai yawan mutanenmu na can. Adadin kawai na duba, na buga a takarda, na ninke na sa aljihu (har da ɗan fito na yi).

Abin da ban lura da shi ba, na gaya masa ya duba kowane layi, amma wajen kwafa na bar shi yana komawa layin farko. A layin farkon nan kuwa surukina ne, mahaifin matata, ni da kaina na ɗora shi sama don girmamawa. Mutumin da ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ko a nan ba zan rubuta ba.

Washegari manoma suka cika gindin mangwaro, ga buhunan iri a jibge, ga Baba, surukin nawa, a tabarmar gaba. Perzidan ya ce, "Sakatare, kira mutane."

Na buɗe takarda. Sunan Baba. Na ce bari in tsallake, na ƙasa ma shi ne. Na juya shafi, shi ne dai har ƙarshe. Gumi ya keto mini, na tsaya baki buɗe kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

"Mi ya hwaru?" in ji Perzidan. Ya fizge takardar, ya kira sunan da ƙarfi. Baba ya amsa. Ya sake kira, Baba ya sake amsawa. A karo na huɗu wata tsohuwa, Inna Hajo, ta ce, "To mu sai mu tashi, tunda irin na surukai ne!" Wurin ya ɓarke da dariya, ni kuwa tsoro ya kama ni, kada a ce cuwa-cuwa na shirya da sunan dattijon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗiya guda na ba ka. Buhu guda ya ishe ni."

Na durƙusa na rantse cewa kuskuren na'ura ne. Inna Hajo ta ce, "Ita ma na'urar ɗiyarshi take aure?"

Da baki aka yi rabon a ranar, kowa na faɗin sunansa ina rubutawa da biro. Tun daga nan ba na buga takardar da ban karanta ba. Girmama Baba kuma na mayar da ita ƙofar gidansa, a lista yana can layi na goma sha bakwai.