Hancina Ya Yi Laifi, Bayan Habu Ya Biya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kusa kashe mini aure a gaban alƙali, saura kwana goma sha takwas a ɗaura shi. Shekarun farko ne na ƙaddamar da shari'a a Kano, lokacin da ko kwalbar da babu komai a ciki aka gani a bayan gidanka sai ka yi bayani. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Bunkure, ina ɗan noman rani a Kadawa. Rabi da zan aura 'yar Malam Isiyaku ce, mai makarantar, mutumin da ko dariya zai yi sai ya duba ko ta halatta. Ya ce ya ba ni 'yarsa ne saboda bai taɓa jin an ambace ni da abin assha ba. (Ji ne kawai bai yi ba. Kafin in zama malam, na yi shekara biyu ina bin motar tumatir zuwa Ikko, kuma abin da na sha a can ba fura ba ce. Na tuba, na binne maganar, kuma duk gidanmu ƙanena Habu kaɗai ya sani.)

Ranar wata Litinin da hantsi ina cikin aji wani ɗan acaɓa ya kira ni waje. Ya ce Habu ya kauce daga hanyar bakin kanal ɗin ruwan noman rani da akori-kura cike da tumatir, ya faɗa gonar albasar wani tsoho, 'yan sanda sun tafi da shi Kura, kuma ana cewa a buge yake. Allah ya yafe mini, ban fara tambayar ko ya ji ciwo ba. Cewa na yi, wa da wa suka ji?

A ofishin 'yan sanda na tarar da motar a tsakar gida, kwanduna na ɗigar da ruwa, ƙudaje sun yi mata rumfa. Habu yana bayan kanta ba takalmi, kansa a ƙasa. Babu wata na'urar gwaji. Ɗan sandan da ya kama shi ya ce hancinsa ya kai bakin yaron, sannan ya ja layi a ƙasa ya ce ya bi, shi kuwa ya bi layin kamar akuyar da ta ci rogo. Sun rubuta jawabinsa, suka ce beli sai mai gida ko gona da aka sani. Na sa hannu da sharaɗin in kawo shi kotu washegari.

Na goyo shi a babur, kuma tun kafin mu fita Kura hancina ya gaya mini gaskiya, har irin wadda ya sha. Ya ce abokai ne suka ja shi wata rumfa a hanyar Zariya, kuma wannan ne karo na uku a rayuwarsa. Na zazzage shi tas. Na ce in maganar nan ta kai kunnen Malam aurena ya mutu, don haka ko yanka shi za a yi kada ya amsa.

Da safe muka shiga kotun shari'a, sai ga wa a bencin gaba? Malam Isiyaku, da carbinsa, ya zo shaida a kan rabon gadon wata gona. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce 'yar matsalar mota ce.

Aka karanta wa Habu laifi uku: tuƙin ganganci, ɓarnar gona, da shan giya. Ya amsa biyun farko, ya musa na ukun. Alƙali ya yi bayani cewa ba a yi wa mutum bulala tamanin sai ya amsa da bakinsa, ko a samu shaidu biyu da suka gan shi yana sha, ko suka ji warin a bakinsa, kuma dole su zama sun san warin. Ɗan sanda ya ce shi aiki ya koya masa. Aka kira mai gonar, wani tsoho mai suna Baba Tanko, ya ce ya dai ji wani wari kamar ƙullun da ya kwana. Alƙali ya tambaye shi ko ya taɓa jin warin giya. Tsohon nan ya yi a'uziyya, ya ce shi da ko Sabon Gari bai taɓa takawa ba. Mutane suka yi dariya, alƙali ya sunkuya ya fara rubutu.

Duk mai hankali ya san shari'ar giya ta rushe ke nan, shaida ɗaya ta rage. Abin da ya rage mini shi ne in kama bakina. Amma na saci kallon Malam Isiyaku na ga ya haɗe gira, sai zuciya ta ce ai kora ƙara bai isa ba, gara in wanke gidanmu fes. Na ɗaga hannu, na ce ni ne yayansa, ni na tsaya masa, ni na goyo shi gida jiya a babur. Aka ba ni izini.

"Allah gafarta Malam," na ce, "warin ruɓaɓɓen tumatir suka ji. Ita ta kwalba ɗaci-ɗaci take tashi, kamar an jiƙa dusa. Burkutu tsami gare ta, tana kama riga har kwana biyu. Ogogoro kuwa ba ta tsami sam, hanci take yanka, kuma in ta kwana a ciki..."

Wallahi har da nuni nake yi da hannu, kamar ina karantar da babin alwala. Sai da na ji kotun ta yi tsit, har ƙarar carbin Malam ta tsaya, sannan na gane inda na kai kaina.

Alƙali ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, a wane littafin ka karanta wannan babin?"

Ya ce to alhamdu lillahi, an samu masani. Tunda ni na goyo Habu jiya, bakinsa a ƙeyata, in fara gaya wa kotu inda na san warin, sannan in rantse a kan abin da na ji. In na faɗi gaskiya, Rabi ta tafi. In na rantse a kan ƙarya, na sayar da lahirata a gaban surukina.

Sai na ji muryar Habu a bayana. "Ranka ya daɗe, na sha. A ƙyale Yaya. A bakina ya san warin, shekara da shekaru yana ɗauko ni yana yi mini wa'azi."

Yaron da sau uku ya taɓa sha, ya mai da kansa tsohon mashayi a gaban rabin mutanen Kura. Ni kuwa babban malami na bar ƙaryar ta zauna.

Aka yanke masa tara a kan tuƙin, aka ce ya biya albasar Baba Tanko, giyar kuma bulala tamanin. Da wani ma'aikacin asibiti ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, aka fito da shi gindin darbejiyar ƙofar kotu. Mai bulalar ba ya ɗaga hannu ya wuce kafaɗa, don an ce kunyar ake nufi ba ciwon ba, amma tamanin dai tamanin ce. Ina tsaye ina ƙirgawa, ina jin kowace ɗaya a cikina. Da aka gama Malam ya dafa ni ya ce Allah ya ba ni ladan haƙuri da ƙanena. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Habu ya zauna a taron bai jingina da bango ba, kuma mai motar ya karɓe makullinsa, ranin nan duka a ƙwadago ya ƙare shi. Ni dai na ɗauka asirina ya rufu, har wata rana a zauren Malam aka kawo kunun zaƙin da ya wuni. Ya buɗe, ya miƙo mini, fuskarsa ba alamar wasa.

"Shinshina mana wannan ka gani ko ya halatta. Kai ne ka sauke littafin."

Na shinshina. (Ya ɗan fara juyawa, amma na ce ban sani ba.)

Abin da na koya bai da yawa: ilimin da ka samo a inda bai kamata ba, kada ka yi wa'azi da shi, balle a gaban alƙali. Yau Habu direban babbar mota ne, 'ya'yansa huɗu, ko lemon kwalba ba ya son gani. Ni kuma har yanzu ina da son ba da shawara. Amma duk ranar da na gyara murya zan yi masa nasiha, ba ya ce mini komai. Hannu kawai yake kaiwa ya sosa bayansa, sai in tambaye shi ya hanya.