Rasuwar Rigar Gilashi a Hannun Tela

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai sauka ba, mai aikin gilashi ta layin bayan kasuwa tana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Rigar Gilashi, wadda ta cika ranar Laraba da misalin ƙarfe goma na safe, a cikin tagar shagon wani kamfanin ɗinki. Kwananta goma sha ɗaya a duniya. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma da almakashi.

Marigayiya doguwar riga ce ta mata, amma ba zare ko ɗaya a jikinta. Kamfanin ne ya sa a yi masa ita, don ta tsaya a taga ta jawo masu saye. Wata bakwai mai gilashi ta yi a gaban wuta tana haɗa ta: ganye ɗari tara na gilashi, kowanne a ɗaure jikin siririyar waya, wayoyin kuma suna saukowa daga zoben ƙarfe guda da ke rataye a sama. A ƙasan rigar akwai ƙwallayen gilashi arba'in masu nauyi, masu launin ruwan zuma. Su ke miƙar da wayoyin, su ke hana zoben karkacewa. Baban mai gilashi ne ya hura su da bakinsa, shi da ya koya mata aikin, kuma su ne na ƙarshe da ya hura kafin likita ya raba shi da bututun hura gilashi saboda ciwon ƙirji. Bai taɓa ganin rigar a rataye ba. 'Yarsa ta yi masa alkawarin za ta tura shi a kekensa na marasa lafiya ranar Asabar ya je ya gani.

An shaidi marigayiya da haƙuri da kunya. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Idan aka buɗe ƙofa iska ta shigo, iyakarta ta ce "tilin, tilin", ta yi shiru. Da hantsi takan zuba launuka a bakin titi, har masu sauri su tsaya su manta inda za su. Ta jure hotunan da aka yi ta ɗauka da ita ba sallama, ta jure turaren da ake fesa wa shagon sau biyar a wuni.

Ranar da aka rataye ta, sau uku mai gilashi ta gaya wa manajan shagon cewa kada a taɓa ƙasan rigar. Sau uku ya ce to, idonsa na kan wayarsa.

Ranar Laraba sai ga shugabar masu zanen kaya ta kamfanin. Ta ja baya, ta karkata kai, ta ce, "Ta yi tsawo. Bana gajere ake yayi, ga shi ta rufe mana takalma." Ta kira telan kamfanin. "Baba tela, rage mata taƙi biyu."

Bawan Allah shekara talatin yana rage riguna, ba a taɓa kawo masa wadda ta gagara ba. Ya durƙusa da igiyar awo a wuya, ya shata da alli a jikin gilashi, ya fara yanke wayoyi daga hagu yana zagayawa kamar yadda ya saba. Duk ƙwallon da ya cire sai ya jefa a kwandon ƙyallaye. Mutum shida ne a tsaye suna kallo, kowa da waya a hannu, kuma ba wanda ya ga ya dace a kira wadda ta yi aikin. A ƙwallo na goma sha biyu zoben ya karkace. Marigayiya ta ce "tilin" sau ɗaya, ta ce "ƙas", sannan ta zube gaba ɗaya.

Da mai gilashi ta iso, manaja ya tare ta da cewa, "Haba 'yar'uwa, ai laifin naki ne. Wace irin riga ce ba a bar mata wurin gyara ba?"

Ta ce, "Irin wadda na gaya maka sau uku." Ba ta ƙara ba, don abin da ke bakinta ba na sanarwa ba ne. Tela dai ya ba da haƙuri har da hawaye, an kuma yafe masa. Sauran ba su nema ba, ba a ba su ba.

Marigayiya ta bar zoben ƙarfe ɗaya, da wayoyi a cukurkuɗe, da ƙwallaye bakwai da suka tsira cikin kwandon ƙyallaye. Shugabar masu zane ta nemi a bar mata su, wai za su yi kyau a jikin jaka. Mai gilashi ta ƙwace su daga hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe a mayafinta. Da kanta ta share gawar, bokiti uku, don ba ta yarda tsintsiyar shagon ta taɓa ta ba.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da hantsi a wurin aikin mai gilashi, inda za a mayar da marigayiya cikin wutar da ta fito. Ba a gayyaci kowa daga kamfanin ba. Furannin da suka aiko suna nan a bakin kwata, suna iya zuwa su ɗauka.

Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya a wurin aiki, don Allah kada kowa ya biyo gida. Har yanzu ba a faɗa wa Baban mai gilashi ba. Tun jiya ya sa aka goge masa kayan fita, aka yi wa tayoyin kekensa iska, kuma yau da safe ya tambayi 'yarsa ko rana tana kaiwa kan ƙwallayensa. Ta ce masa tana kaiwa.