Mota Talatin da Uku

Wani ne a rukuninmu na 'yan sandan soja, lokacin yaƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma har yanzu ya fi ni ƙarfi. Kofur ne, dogo, jar hularsa kullum kamar yau aka ɗinka ta. Idan ka ba shi umarni, to ka auna kowace kalma, don yadda ka faɗa haka zai yi, ba ragi ba ƙari.

Aikinmu a lokacin raka ayarin motoci ne daga sansani zuwa tashar jiragen ruwa, mil sittin ta cikin ƙauyukan Yorkshire. Ran nan aka loda mota talatin: barguna, takalma, naman gwangwani. Jirgin zai tashi ƙarfe huɗu, ko da mu ko ba mu. Saje Holroyd, shugabanmu, ya hau babur a gaba, ya sa mutumin naku a wutsiya. Makon da ya wuce direbobi biyu sun zame sun shiga mashaya, Saje ya sha faɗa, saboda haka ya kama shi ta kafaɗa.

"Duk motar da ke gabanka, ba ta barin layi sai bakin ruwa. Ka ji ko?"

"Na ji, Saje."

Muka kama hanya. A wani ƙauye mota ta ƙarshe ta ɗan yi jinkiri a kan tudu, sai ga motar gawa ta fito daga lungu, wata baƙar mota ta masu rakiya na bin ta. Suka shiga tsakanin motarmu da babur ɗinsa. Cocin da za su kai gawar ba nisa, yadi ɗari uku ne kawai. Direban gawa ya miƙa hannu zai karya dama, sai ya ga babur ya tare ƙofar.

Direban ya leƙo ya yi bayani a hankali. Ga makabarta nan, ga rami an haƙa, ga limamin coci tsaye da littafinsa. Mutumin naku ya cire hula ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya mayar da hula, ya ce a koma layi.

"Haba ɗan samari, mamaci fa na ɗauko."

"To shi ai ba sauri yake ba. Mu ne muke sauri."

Direban ya kalli bindigar da ke ƙugunsa, ya koma layi. Matar marigayin, Misis Thwaite, tana zaune a gaba kusa da direba, baƙar jaka a cinya.

Limamin da ya ga gawar da yake jira ta wuce shi, sai ya tattare riga ya faɗa 'yar motarsa ya biyo mu. Ya yi ta danna ham a bayan babur, mutumin naku bai waiga ba, tunda ba a ce masa komai game da na baya ba. Da limamin ya gaji, sai ya taka mai ya wuce shi don ya yi wa direban gawa magana. Shi ke nan, ya zama na gaba. Sau uku yana ƙoƙarin juyawa, sau uku babur na mayar da shi kamar tunkiya.

Masu rakiya kuwa sai kuka, wasu na marigayin, wasu na shayin da aka bari a gida yana hucewa.

Ƙarfe uku da rabi muka shiga tasha. Saje ya tsaya yana ƙirga. Ya kai talatin, bai sauke yatsa ba, ya ga akwai saura. Mutumin naku ya sauko daga babur ya ƙame.

"Saje, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Har ma sun ƙaru."

Kafin Saje ya samu bakin magana, wani ɗan dako ya riga ya shafa wa motar gawa lamba da alli, yana tambaya wannan akwatin na Masar ne ko na Indiya. Limamin ma ya fito daga motarsa. Manjon da ke kula da lodi ya iso a guje, fuskarsa ta fi hularmu ja. Ya rantse zai tsige wa mutumin naku igiyoyinsa na kofur a nan take, sannan ya je wajen Misis Thwaite ya cire hula. Ya ba ta haƙuri, ya ce soja za su zuba mai, su raka su har bakin kabari.

Tsohuwar ba ta ko kalle shi ba. Ta sauko, ta gyara hularta, ta taka har bakin ruwa. Ta daɗe tana kallon jiragen da tsuntsayen da ke shawagi. Sannan ta dawo ta buɗe bayan motar, ta ƙwanƙwasa akwatin da yatsa.

"To, Wilf. Shekara arba'in da ɗaya kana cewa baɗi za ka kai ni in ga teku. Ashe sai da soja suka tasa ƙeyarka."