Zuciyar Alhaji Abdulrashid Ta Fito Fili

Allah ya yi zukata iri-iri a Talata Mafara, amma ta Alhaji Abdulrashid ce kaɗai ake sauraro daga Sakkwato. Likita ya manna masa wata 'yar na'ura a ƙirji, ba igiya ba zare, tana aika kowane bugu zuwa asibiti. Tun ranar 'yan kasuwa suka raɗa masa suna Gangar Birni.

"Ku naku zukata bugu sukai a banza," yakan ce. "Tawa, likita na zaune takanas shina saurare."

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Ga zaɓen shugaban 'yan shinkafa ya matso, wani ɗan kasuwa Tijjani na takarar kujerar da shi, ga kuma abin alfahari kwance ƙarƙashin taguwa, ba mai gani. Ina amfanin farin wata a cikin tulu? Ranar da zai fita neman goyon baya, ya ɓamɓare ta daga fata, ya maƙala ta a kan aikin babbar riga, inda rana za ta gaishe ta.

A Bakura ya yi jawabi yana nuna ta da yatsa. A Maradun ya bari dattawa suka shafa. Ya zarce Dosara, inda waya ba ta shiga.

Can Sakkwato likita ya ga shiru. Ya nemi Alhaji bai samu ba, ya kira ƙaninsa Hamidu ya ce tun safe ba bugu ko ɗaya, a neme shi maza. Hamidu ya saki salati, ya sa aka fito da tabarmin zaman makoki.

Da la'asar Gangar Birni ya dawo, ya hango taro a ƙofar gidansa, har da liman. Daɗi ya rufe shi. Ya zuge gilashi yana ɗaga hannu.

"Ku zamna, ku zamna! Na san kuna so na."

Ba wanda ya motsa sai Hamidu, da ya ja da baya.

"Yaya, kai na? Yanzu liman yag gama roƙon mutane su yahe maka. An sha wuya kahin su yarda."

Tijjani ya taso ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Barka da rai, ranka shi daɗe. Kujera dai an ba ni ɗazu, an shafa fatiha. Ka san fatiha ba a kwance ta."