Kwamishinan Tsutsa

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara kowa ya tashi da zumuɗin kawo ci gaba, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Tabkin ƙauyenmu a ƙasar Zurmi bai taɓa haɗuwa da wani ruwa ba, tarwaɗarsa ƙanana ce amma lafiyayya. Da na ga wasu ƙosassu a fadamar Shinkafi, sai na cika jarka da 'ya'yansu, na ɗauro a babur, na juye a tabkinmu ba da sanin Sarkin Ruwa ba. Daga baya har bugun ƙirji nake a majalisa: "Ku jira ranar su, in gari ya fito kamun kifi, ku ga aikin masu hankali!"

Ranar su ta zo. Duk kifin da mata suka farke, sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganyen tsamiya manne a cikinsa. Ashe baƙina da fasinjoji suka zo.

Sarkin Ruwa ya ɗaga kifi ɗaya ya ce, "Tsutsag ga ba ta da ƙahwa balle hiffike. Wa ya goyo muna ita?"

Gari duka ya juyo ya dube ni. Na sadaƙar gaban alƙali zan kwana. Amma Allah ya saka wa mutanenmu da alheri, yafe mini suka yi, har da ba ni kasona na kifi. Sai dai da yake lokacin rabon muƙamai ne, suka naɗa ni Kwamishinan Tsutsa.

Har yau in na faka babur a kasuwa, masu kifi rufe kwandunansu suke yi: "Ranka shi daɗe, Kwamishina! Yau su wa ka goyo?"