Rasuwar Goro, Injin da Gaisuwa Ta Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta tumbatsa, ni Tokuji Hamaguchi, a madadin matata Sumie da ɗan jirgin ruwanmu mai tafiya da iska, nake sanar da rasuwar Goro, injin jirgi mai ƙarfin dawaki biyu. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin gadar masunta, yana da shekara goma sha huɗu.

Marigayin mai haƙuri ne, bai cika shan fetur ba. Ba ya tashi da ja ɗaya, amma wa ke tashi? Sai an ja igiyarsa sau shida ya yi tari, ya ce "fut, fut", ya yi shiru yana tunani, sannan ya kama "tutututu". Ƙafarsa gajera ce, in ruwa ya yi tozo farfelarsa kan fito waje ta yi ta ihu a banza, ban taɓa goranta masa ba. Ranar da ya shigo gidanmu na yi wa Sumie alkawarin ta ajiye filafili har abada, domin kafin zuwansa, duk sanda iska ta ɗauke, ita ke tuƙa mu zuwa tsibirin da kaburburan iyayenta suke, ni ina riƙe da akala. Goro ne ya rufa mini asiri.

Bai yi jinya ba. Sanyi ya wuce, na fito da shi daga rumfa, na ɗora shi a katakon bayan jirgi yadda na saba kowace shekara. Ban ɗaure kusoshinsa biyu ba, ban sa masa igiyar tsaro ba, sai ga Dattijo Murakoshi, shugaban masunta, a kan gada.

"Tokuji, an fito da mutumin?"

Na miƙe, na juya wa Goro baya, na rusuna. Dattijo ya rusuna. Ƙarami ba ya rigan babba ɗagowa, don haka na ƙara yin ƙasa. Shi ma ya ƙara, mutum ne mai tarbiyya. A na uku na lanƙwashe har ina ganin yatsun ƙafata, kuma da mazaunaina na tura aminina cikin teku. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ɓulum".

"Ayya, laifina ne, ka gafarce ni," in ji Dattijo, ya sake rusunawa. Dole na mayar. Muna nan muna yi har kumfa ta daina tasowa.

Bayan kwana biyu aka tsamo gawar, an tarar wata ƙaguwa ta tare a cikinta. Makaniki ya duba, ya cire hularsa.

Marigayin ya bar tankin mai ɗaya, da mazurari, da fulogi sabo da bai taɓa sawa ba, da igiyar tsaro, wadda ta kasa haɗa ido da kowa. Ya kuma bar ni, kunya ta hana ni zuwa gidan wanka na unguwa, saboda yara sun fara matsawa in na juya baya.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma. Malamin haikalinmu zai yi karatu a kan gada, a zuba wa mamacin giyar shinkafa, a raba miyar ƙaguwa. Daga nan za a ɗauki gawar a jirgi zuwa wurin mai tsoffin ƙarafa, a tsallaken mashigi, kuma masu hasashen yanayi sun ce babu iska ranar. Da kunya na tambayi Sumie ko kafaɗarta ta yi sauƙi. Ta ɗauko filafilin daga bayan rumfa, ta kaɗe masa yana, ta danƙa mini.

"Baban Yuri, kai za ka tuƙa. Ni zan zauna a gurbin marigayi in yi ta yi maka gunaguni har mu isa. Kuma ni da ja ɗaya nake tashi."