Yadda Uban Agaji Ya Hau Bangon Mujalla

Idan ana lissafin masu zuciyar taimako, a fara da shugaban Ƙungiyar Hannu Da Yawa, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Bawan Allah ne da bai taɓa ganin mabukaci ya kau da kai ba, muddin akwai mai hoto a kusa. Tsohon dillalin filaye ne. Da ya tara abin da ya tara, sai ya sanar cewa sauran rayuwarsa ta al'umma ce. Ba a tambayi al'umma ba, amma ta karɓa da haƙuri.

A gabansa 'yan ƙungiya suna kiransa Uban Agaji. A bayansa kuwa Tsaya-a-Ɗauka. Sunan ya samo asali ne ranar da aka kai wa wata tsohuwa sandar dogarawa. Ta miƙo hannu, shi kuma ya riƙe ɗaya bakin sandar gam, ya ce, "Tsaya a ɗauka, Iya." Mai hoto ya ce rana ta yi yawa, aka koma inuwa. Inuwa ta yi duhu, aka dawo rana. Tsohuwa ta yi tafiyar da ba ta yi ba a wata guda, kuma duk babu sanda.

Kowace Asabar da la'asar ƙungiya tana taro a wani zaure bayan kantin magani. Kujerun roba talatin, fanka ɗaya mai kuka, sai kujera mai hannu guda ɗaya wadda ba sai an faɗi mai ita ba. Ana shan shayi da biskit, ana zolayar juna, tela da malamin makaranta suna ci gaba da musun ƙwallo da suka fara shekara shida da suka wuce. Mutanen kirki ne, kuma aiki suke yi tsakani da Allah. Sun gyara rufin aji biyu, sun yashe magudanar kasuwa da hannunsu. Shugaba ma yakan je wurin aikin. Shi ne za ka hango da shebur sabo fil, ga sarƙar shugabanci a wuya, mai faifan ƙarfe kamar murfin tukunya.

Shiga ƙungiya kuwa sai da sa hannunsa. Mahaucin bakin kasuwa ya nema har sau uku. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ba a taɓa fita aiki babu shi ba, ko da ba a gayyace shi ba. Sau uku takardarsa tana dawowa.

"Ni ba na raina sana'ar kowa, Allah ya kiyaye," in ji shugaba. "Amma ƙungiya tana da martaba. Mutumin da kullum hannunsa cikin jini, ina shi ina aikin jin ƙai?"

To, kowane babba da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Uwar ƙungiya da ke can babban birni tana fitar da mujalla sau ɗaya a shekara, kuma a bangonta ake sa hoton shugaban reshen da ya fi kowa ƙoƙari. Uban Agaji ya aika hotuna sun fi ɗari biyu, ko shafin baya bai samu ba. Ga wa'adinsa saura wata biyu, dokar ƙungiya kuma ba ta san tazarce ba. Ko bana, ko babu. Har ya fara ramewa, in ka duba da kyau ta wajen wuya.

Ana cikin haka wata malamar asibiti, wadda kowa yake kira Sista, ta zo taro da roƙo. Ta ce ma'ajiyar jini ta asibitinsu ta ƙare, mata masu haihuwa suna shan wahala. Tausayi ya kama zaure. Shi ma shugaba idanunsa suka kawo ruwa, domin ya tuna babu shugaban da ya taɓa fitowa a bango yana ba da jini. Ya miƙe, ya gyara sarƙa.

"'Yan'uwa, kuɗi kowa yana bayarwa. Shinkafa kowa yana bayarwa. Amma jini, sai wanda ya isa. Ni zan fara kwanciya a kan gadon nan. Idan leda ɗaya ba ta wadatar ba, Sista, ki ɗebi biyu. Me zan yi da jinin da bai amfani talaka ba?"

Aka yi tafi har fanka ta ji kunya.

Da labari ya isa gida, uwargida ta ajiye tire ta dube shi. "Alhaji, kai da ranar da aka yi wa autarmu allurar rigakafi sai da aka yi maka fifita?"

"Zafi aka yi ranar," in ji shi.

Ai shi ma ba wawa ba ne, ya riga ya shirya dabararsa. Zai kwanta, a naɗe hannun riga, a manna masa roba da filasta, a ɗauka, ya tashi. Allura ba ta cikin tsarin.

Ranar ta zo. 'Yan ƙungiya suka yi layi a barandar asibiti, tela yana tsokanar malami wai jininsa duk alli ne. Mahauci ya riga kowa zuwa, har ya bayar ya gama, yana zaune a benci da auduga a gwiwar hannu yana shan lemo. Shugaba ya iso da babbar riga da ƙamshin turare, ya ja Sista gefe, ya raɗa mata shirinsa. Ita kuwa shekara talatin tana aikin nan, kuma Allah bai hore mata raɗa ba.

"Alhaji, nan ba gidan hoto ba ne. In za ka bayar, kwanta. In ba za ka bayar ba, ba na bayanka wuri."

Duk wanda yake baranda ya ji. Baki shi ke yanka wuya. Shugaba ya dubi ƙofa, ya dubi layi, ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya hau gado. Sista ta sa ya cire babbar riga da hula. Ta zare sarƙar ta miƙa wa na kusa, wato mahauci. Shi kuma hannu ɗaya a lanƙwashe, ɗaya da kwalba, sai ya rataya ta a wuya kafin a nema. Uban Agaji ya rage daga shi sai singileti da furfura.

Ba a ma kai ga allurar ba. Yatsa kawai Sista ta tsaga don gwaji. Jini ya fito, ɗigo ɗaya tak. Shugaba ya dube shi, ya buɗe baki zai yi jawabi, idanu suka juye.

Mahauci ne ya yi zumbur ya tallafe kansa, ya fizgo kwali yana yi masa fifita. "Sannu, ranka ya daɗe. Sannu, kurɓi lemo." Mai hoto kuwa, wanda aka yi shekara biyu ana horar da shi kada ya bari motsin shugaba ya wuce shi, bai yi ƙasa a gwiwa ba.

Ranar ƙungiya ta tara leda ashirin da bakwai, Sista har da ƙwallar murna. Gudummawar shugaba ta tsaya a jikin auduga. Ya kuma sha lemo biyu, ya tare gado awa guda. Da ya farfaɗo ya bayyana cewa gajiyar hidimar jama'a ce, ya umarci sakatare ya aika rahoto maza. Sakatare ya ce wa mai hoto ya tura hotuna, shi kuwa ya tura duka.

Bayan mako shida mujalla ta iso ana tsakiyar shan shayi, tare da wasiƙa da wani ƙunshi. Sakatare ya yage takarda, ya ɗaga mujallar sama. Burin shekaru ya cika, ga Uban Agaji a bango, da launi, har ana iya ƙirga haƙoransa. Yana kwance shame-shame, ga mahauci a kansa da sarƙa tana ƙyalli. A ƙasa an rubuta: "Shugaban reshe yana jinyar wani dattijo da hannunsa."

Tela ya shaƙe da biskit. Da ya samu numfashi ya ce abin kunya ne a ce shugaban da duniya ta sani ba ɗan ƙungiya ba ne, a kawo takardar mahauci yanzu. Aka kawo. Uban Agaji ya sa hannu bai nemi mai hoto ba, karo na farko a tarihi.

Sannan sakatare ya karanta wasiƙar. Uwar ƙungiya ta yaba da tawali'un shugaba, ta ce irinsa ake nema. Ta kuma ce halin da ta ga dattijon nan a ciki ya taɓa mata zuciya, ga bargo da gwangwanin madara biyu, don Allah a kai masa har gida.

Sakatare ya rungumi bargon, ya dubi zaure, ya tambaya cikin ladabi ko akwai wanda ya san gidan dattijon.

Hannu talatin suka tashi.